Jan Zaren Madam Felicia

Duk wanda ya taɓa neman aiki, ko ya kai ƙara, ko ya rubuta wa gwamnati koke a Minna daga shekarar 1984 zuwa tsakiyar shekarun casa'in, da wuya a ce takardarsa ba ta bi ta hannun Madam Felicia Shekwolo ba. Shagonta na bakin titin Bosso, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da littattafan makaranta. Ɗaki ɗaya ne. Akwai tebur, da tafireta, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, sai dogon benci a waje, gindin mangwaro, inda masu jiran takardunsu ke zama. A kan wannan bencin na ji labarin nan, daga bakin mutum biyun da abin ya faru da su. Ita kanta ba ta ƙara mini ko kalma ɗaya ba.

'Yar Kuta ce, 'yar manomin doya. A makarantar mishan ta koyi ɗinki, daga baya ta koyi buga tafireta. Da aka ƙirƙiro jihar Neja a 1976, aka ɗauke ta cikin masu buga takardun gwamnati, ta yi shekara takwas a nan. Da aka zo rage ma'aikata, sunanta ya fito a jerin waɗanda za a sallama, kuma ita aka ba jerin ta buga. Kwana huɗu ta san aikinta ya ƙare, ba ta gaya wa kowa ba. Mijinta Andrawus, ma'aikacin jirgin ƙasa, a bakin abokan aikinsa ya ji.

Wannan labarin shi ya zama jarinta. Da ta buɗe shago, mutane suka ce matar da ta iya haɗiye labarin korarta ai za ta iya haɗiye na kowa. Malaman makaranta suka riƙa kawo mata tambayoyin jarrabawa. Lauyoyi suka kawo wasiyya. Masu koken da ba sa so a san su suka kawo nasu. Ita kuwa maganarta ɗaya ce, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta san idan magana ta fita daga shagon nan sau ɗaya tak, washegari babu mai zama a bencin sai awakin unguwa.

Jan zaren kuma ga yadda ya samo asali. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, gwamnati ta taƙaita shigo da kaya daga waje, har ɗan fil ɗin nan da ake maƙale takardu da shi ya yi wuya a kasuwa. Madam Felicia ba ta zauna jiran jirgin ruwa ba. Ta ɗauko allura da ragowar jan zare daga kayan ɗinkinta, ta riƙa ɗinke gefen hagu na duk takardar da ta buga, ɗinki uku, ta ƙare da ƙulli biyu a baya. Ko da fil ya dawo kasuwa ba ta koma masa ba. Ta ce fil yana tsatsa, zare ba ya yi.

A shekarar 1988 mutum biyu ne suka fi kowa ɗumama bencin. Na farko Malam Ernest Jiya. Lauya ne, amma ba ya zuwa kotu. Dokar kasuwanci yake koyar wa ɗaliban injiniya a jami'ar garin, waɗanda yawancinsu saboda fankar ajin suke shiga. Shekara shida yana matsayi ɗaya, domin ba a ƙara wa malami girma sai ya nuna maƙalar da wata mujallar masana ta buga masa. Na biyu Alhaji Ndakotsu, dattijo mutumin Bida, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Legas ya zo Minna yana kiwon kaji. An san shi ma lauya ne, amma zancensa kullum kaji ne da tsadar dusa. Kaɗan ne suka san ya shekara ashirin a ofishin da ke duba yarjejeniyoyin ciniki da ƙasashen waje.

Shekara guda kafin nan gwamnati ta hana shigo da alkama, don a tilasta wa ƙasa ta noma tata, masana'antun fulawa kuma su koma amfani da ta gida. A kan wannan Malam Ernest ya rubuta maƙalarsa, shafi arba'in. Ya ce abu biyu. Na ɗaya, hanin ya saɓa wa alkawarin da Nijeriya ta ɗauka a yarjejeniyar cinikin ƙasashen duniya. Na biyu, tunda aka yi hanin, fulawar waje ta ɓace daga kasuwa ƙaf. Madam tana bugawa, shi yana tsaye a ƙofa yana karanta wa mutanen benci wuraren da suka fi yi masa daɗi.

"Baba, ka ji wannan jimlar kuwa?" ya kan ce wa Alhaji.

"Na ji, lauya. Tana da tsawo."

Mujallar da ya aika wa tana wata jami'a ce a kudu. Ƙa'idarsu ita ce a cire sunan marubuci a tura wa wani masani ya duba. Mai dubawa bai san marubuci ba, marubuci bai san mai dubawa ba. Wannan ƙa'ida ta tsaya wa Malam Ernest a rai tun ran da ya kai ambulan gidan waya.

"Wace irin al'ada ce wannan?" ya ce. "Ko tela ka kai wa yadi, ai ka tambayi lafiyar iyalinsa. A ce mutum zai yi kwana da kwanaki yana karanta aikinka, ba ka je ka ce masa sannu ba? Ai rashin tarbiyya ne."

"Wataƙila shi ya sa suka yi ƙa'idar," in ji Alhaji. "Saboda masu tarbiyya."

Bayan wata uku, wata safiya Madam tana share gaban shago, Alhaji Ndakotsu ya iso kafin kowa. Bai zauna a benci ba. Ya shiga ciki, ya zaro takarda huɗu rubutun hannu daga aljihun rigarsa. Ta karanta layin farko, ta ɗago ta dube shi.

"Baba."

"Na sani, 'yata. Editan mujallar abokin karatuna ne. Ina buɗe ambulan na ga jan zarenki. Na rubuta masa na ce ina jin na san mai maƙalar nan, ya nemi wani. Ya amsa mini cewa mutum uku ya tura wa duk sun ƙi, babu mai son karanta shafi arba'in a kan alkama, in ji tsoron Allah in duba. To na duba. Sauran kuma na wurinki."

"Babu saura a wurina," ta ce, ta sa takarda a tafireta.

Ta buga shafi huɗun nan ba ta yi tari ba. Alhaji yana gefe yana ba ta labarin wata cuta da ta shiga kajinsa. Tana sauraro, tana cewa ayya, hannunta kuwa ya riga hankalinta. Hannun ya ɗauki allura, ya yi ɗinki uku, ya ƙulla biyu a baya. Alhaji ya karɓa ya sa a ambulan yana lissafa kajin da suka rage. Daga shi har ita babu wanda ya lura.

Editan kuma mutum ne mai tattali. Bai sa an sake buga rahoton ba. Reza ya sa ya yanke wurin sunan Alhaji, ya turo wa Malam Ernest ragowar yadda take.

Ran da wasiƙar ta iso, tun daga nesa aka ji kukan babur ɗin Malam Ernest. Ya kafe shi a karkace, ya tsaya gaban benci yana kaɗa takardun. Alhaji na zaune, da mai gyaran rediyo, da wasu mata biyu masu jiran takardar neman aiki.

"Ku ji! Ku ji abin da wani jahili ya rubuta mini daga kudu!" Ya buɗe shafin farko. "Wai, marubucin ya ce fulawar waje ta ɓace daga kasuwa, shin marubucin ya ci burodi yau da safe? Idan ya ci, ya je ya tambayi inda fulawar ta fito."

Mai gyaran rediyo ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"Akwai saura. Wai, marubucin ya karanta yarjejeniyar har sashe na goma sha ɗaya, daga nan da alama aka ɗauke wuta. Da ya kai sashe na goma sha takwas, da ya ga an ba ƙasashe masu tasowa damar taƙaita shigo da kaya idan kuɗin waje ya yi musu ƙaranci, ko don su raya masana'antunsu. Baba, don Allah, wannan maganar masani ce? Wannan ai tsohon da mata ta gudu ta bari ne."

"Ko kuma kajinsa ne ke mutuwa," in ji Alhaji a hankali.

"Ko ma mene ne. Na tabbata bai taɓa fita ƙauyensu ba. Irin mutanen nan ne da ke barci a benci."

Alhaji ya gyara zama. Daga ciki tafireta ta ci gaba da ƙara, ba ta yi ko tuntuɓe ba.

Malam Ernest ya zauna yana huci, yana murza gefen takardar da yatsa. Yana murzawa, yana murzawa, sai yatsan ya tsaya. Ya duba. Ya juya bayan takardar. Ƙulli biyu. Ya miƙe tsaye a hankali kamar wanda ya ga maciji a ƙarƙashin tabarma, ya shiga shagon.

"Madam. Wannan zaren wa ye?"

Ta duba ta saman tabarau. Lallai, in ji Alhaji, sai a lokacin ta gane abin da hannunta ya yi. A fuskarta kuwa ko gira ba ta motsa ba.

"Ja ne," ta ce.

"Na ga ja ne! Naki ne. Mutumin nan ba a kudu yake ba, a garin nan yake, kuma a kan teburin nan aka buga zagin da ya yi mini. Waye?"

"Malam, takarda nawa nake bugawa a mako?"

"Kada ki yi mini haka, Madam. Ni ɗan gida ne. Matata da ke coci ɗaya kuke zuwa."

"To ka gaya mini, idan gobe wani ɗan gida ya zo ya ce in nuna masa tambayoyin jarrabawarka na watan jiya, in nuna masa?"

Ya yi lallashi, ya yi rantsuwa ba faɗa zai yi da mutumin ba, gaisuwa kawai zai kai. Ya ce ko harafin farko na sunan ta ba shi. Ta ce ribin ɗin tafiretarta ya kusa ƙarewa, idan zai bi ta kasuwa ya duba mata.

Daga ranar zancen ya bazu a Bosso cewa zaren Madam Felicia ya soma magana. Ba a ce ta faɗi komai ba, amma an soma kallon shagon. Wani shugaban makaranta da ya saba kawo tambayoyin jarrabawa ya wuce ta gaban shagon da ambulan a hammata, ya gaishe ta daga titi, bai shigo ba. Ta gani. Ba ta kira shi ba.

Shi kuwa Malam Ernest ya zauna ya yi lissafi irin na lauya. Mai dubawa ya san doka, kuma yana kawo wa Madam aiki. Mutum biyar ya samu. Majistare Kolo, da Barista Helen, da Alfa Yisa magatakardan kotu, da wani abokin aikinsa Malam Ndaman, sai Alhaji Ndakotsu, wanda ya sa a ƙarshe don kada dattijo ya ji an gaishe da kowa an tsallake shi. Ran kasuwar Kuta ya hau a-kori-kura ya sayo rabin ƙwaryar doya, hamsin ke nan, manya masu kai kamar cinyar ɗan dambe. Ya raba goma-goma. Ranar Asabar ya bi gida-gida.

"Ba cin hanci ba ne," ya gaya wa matarsa Mary da ta tambaye shi. "Gaisuwa ce. Zan gyara maƙalar in mayar, ta sake komawa hannun mutumin. Wanda ya ci doyarka ba zai tambaye ka ko ka ci burodi ba."

A kowane gida magana ɗaya ya yi. "Na zo gaisuwa ne kawai. Allah ya sa a duba da rahama." Mutum huɗu suka karɓa suna godiya, ba su san me za su duba ba, amma a Minna ba a tambayar doya dalilin zuwanta. Alhaji ya tafi Bida suna, aka bar tasa a hannun iyali.

Ranar Litinin da sassafe Alhaji ya sake riga kowa zuwa shagon.

"'Yata, doya goma na kwance a zaurena. Yau zan mayar."

"Baba, ka mayar?"

"Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maƙalar nan za ta dawo hannuna. Ba zan duba aikin mutum da sakwararsa a cikina ba."

Madam Felicia ta ajiye tsintsiya. "Baba, tun da kake a garin nan, ka taɓa jin wanda ya mayar da doya? Huɗu sun karɓa. Idan kai kaɗai ka mayar, ai ka rubuta sunanka ke nan a inda edita ya yanke. Kuma ba za a ce doya ce ta tona ba. Za a ce zarena ne."

Alhaji ya ce bai yi wannan tunanin ba. Ya ce to ya ci ba daidai, ya mayar ba daidai, sai dai ya bar ta ta tsira a zaure.

"Ka ba ni kwana biyu," ta ce. "Laraba da la'asar ka mayar."

Ranar, karo na farko tun buɗe shagon, aka ga kwaɗo a ƙofarsa da rana tsaka. Madam ta ɗaura ɗankwalinta na coci, ta ɗauki lema, ta fara da gidan Majistare Kolo. Ta same shi yana hutun azahar, yana sakace haƙori.

"Ranka ya daɗe, shekara nawa ina buga maka takardu?"

"Huɗu, Madam. Lafiya?"

"Ka taɓa jin maganarka a waje?"

Majistare ya ajiye tsinken. "Ban taɓa ba."

"To yau ni ke da buƙata. Doyar da Malam Ernest ya kawo, ka mayar masa ranar Laraba da la'asar. Kada ka tambaye ni dalili."

"Madam, ni a kotuna ba na yanke hukunci babu dalili."

"Ba a kotu muke ba, ranka ya daɗe."

Ya dube ta, ya dubi kwanon da ke gefensa. "An riga an daka uku."

"Akwai kasuwa."

Barista Helen ba ta ja magana ba. Ta ce daman ta rasa abin da mutumin yake so ta duba da rahama. Malam Ndaman ya ce zai mayar, amma ya so ya san ko Ernest ɗin lafiyarsa ƙalau. Alfa Yisa ne ya ba da wahala, domin ya riga ya raba tasa ga surukai, ya soya biyu. Da ya ji buƙatar, ya dafe ciki da hannu biyu.

"Madam, don girman Allah, wani abu aka sa a ciki? Na ci! Yara sun ci!"

"Doya ce lafiyayya, Alfa."

Ya matso ya rage murya. "To ko maganar nan ce, ta takardar filin nan da kika buga mini bara? Idan ban mayar ba za ki..."

"Alfa, ko ka mayar ko ba ka mayar ba, bakina yadda ka san shi haka yake. Roƙo na zo yi."

Alfa Yisa ya ji kunya har ya raka ta bakin titi. A ranar ya aika kasuwa.

Laraba da la'asar Malam Ernest yana zaune a ƙofar gidansa, sai ga motar majistare. Direba ya sauke doya ya tafi. Kafin ya gama mamaki, ga mai amalanke daga gidan Barista Helen. Ga Malam Ndaman da kansa a kan babur, doya a buhu, yana tambayarsa ko yana samun barci sosai. Ga Alfa Yisa. Ga Alhaji Ndakotsu a ƙarshe, ya ce likita ya hana shi abinci mai nauyi. Waɗanda suka riga suka ci kuwa sun ji nauyin su mayar da ƙanana, suka sayo waɗanda suka fi na farko girma, suka ƙara da gyara. Mary ta fito ta ƙirga tsibin da ke tsakar gida.

"Hamsin ka fitar, hamsin da tara suka dawo," ta ce. "Baban yara, ka bar lauyancin nan ka kama doya. A ita kake da sa'a."

Washegari ya zo shagon ba kukan babur, ya turo shi ne da hannu. Ya zauna a benci kusa da Alhaji kamar kazar da ruwa ya doka.

"Baba, garin nan ya lalace. Mutum biyar, rana ɗaya. Ko dai dukansu ne suka haɗu suka rubuta?"

"Mai yiwuwa ne. Shafi huɗu ne, ka ga ni ban samu shafi ba." Alhaji ya ɓare goro. "Amma lauya, mutumin nan, ban da zagin, me ya ce ka yi?"

"In karanta sashe na goma sha takwas. In je in tambayi masu burodi."

"Ka karanta?"

Malam Ernest ya sosa ƙeya. "Na karanta. Yana nan."

"To saura burodi. Ko jahili ne ya nuna maka hanya, ai ba a kansa za ka taka ba."

Ya tafi Kpakungu, inda gidajen burodi suke. Ranar farko bai samu komai ba. Mutum da taye da littafi a hannu yana tambayar daga ina fulawa ta fito, kowa ya ɗauka kwastan ne. Wani ya ce masa shi da garin rogo zalla yake yi, alhali ƙanshin ya isa titi. Wani ya ce maigidan ya yi tafiya, kuma shi ne maigidan. Malam Ernest ya dawo gida ya tarar da tsibin doyar nan ya soma tsiro, Mary tana hararar sa. Nan dabara ta zo masa.

Ya cire taye. Ya ɗaura doya biyar-biyar a bayan babur, ya koma gidajen burodin ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya zo gaisuwa. Kwastan ba ya kawo doya. Aka ba shi kujera, aka yanka masa mai zafi. Aka nuna masa buhunan da aka juya cikinsu waje don kada a ga rubutun ƙasar da suka fito. Aka ba shi labarin yadda fulawar ke ketaro iyaka, da hannu nawa take bi kafin ta iso Minna, da yadda alkamar gida ba ta isa ba, da yadda ake haɗawa da masara idan abu ya yi tsanani, burodin ya fito kamar bulo. Wani tsohon mai gashin burodi ya ce masa, "Oga, doka tana Legas, tanda tana nan." Mako uku ya yi yana zuwa, har doyar ta ƙare. Bai rubuta sunan kowa ba. Ya ce a wurin Madam ya koyi wannan.

Maƙalar da ya sake kawowa shafi ashirin da shida ce. A ciki ya ce yarjejeniyar ta ba ƙasa irin tamu damar kare masana'antunta, amma da sharuɗɗa, ya jera su, ya nuna inda a ganinsa aka cika da inda aka yi sakaci. Sannan ya nuna abin da hanin ya zama a bakin tanda. Wannan karon bai karanta wa benci ko jimla ɗaya ba. Madam ta buga, ta ɗinke, ya kai gidan waya.

Rahoto na biyu shafi biyu ne, kuma da fil aka maƙale shi, wani tsohon fil mai tsatsa. Mai dubawa ya ce a buga. Ya ƙara da cewa yanzu marubucin ya ci burodi idonsa a buɗe. Malam Ernest ya juya takardar gaba da baya yana neman zare, bai samu ba. Ya leƙa shago ya dubi Madam. Tana sa sabon ribin.

A makon ne shugaban makarantar nan ya dawo da ambulan ɗinsa. Ya ce daman hanya ce ta ɗauke shi kwanakin baya. Labarin doya ya riga ya zaga gari, kuma abin da mutane suka riƙe a ciki shi ne, lauya guda ya yi lallashi, ya yi dabara, ya yi asarar mako uku, bai samu ko harafi ɗaya daga bakin matar nan ba. Sai da Andrawus ya ƙara mata benci na biyu.

Mujallar ba ta fito ba sai bayan shekara uku da wani abu, domin takardar ɗab'i ita ma daga waje ake kawo ta, kuma ta yi wuya. Ba a daɗe da fitowarta ba aka ɗage hanin alkamar. Malam Ernest bai damu ba. An ƙara masa girma, kuma ya ce yanzu maƙalar ta zama tarihi, tarihi kuwa ba ya tsufa. A ƙasan shafin farko ya gode wa masu gidajen burodi na Kpakungu, da mai dubawar da bai sani ba, wanda bai taɓa samun damar gaishe shi ba.

Alhaji Ndakotsu da bakinsa ya fasa ƙwan, a 1995, ran da na je a buga mini takardar neman aiki na zauna jira a tsakaninsu. Ya ce ya tsufa, ba ya so ya tafi da sakwarar da bai ci ba a zuciyarsa. Ya ba da labarin tun daga jan zare har zuwa fil. Malam Ernest ya saurara bakinsa a buɗe. Da aka gama ya rufe shi, ya ce ai shi tun ranar farko ya gane.

"Shi ya sa ka ce matata ta gudu?" in ji Alhaji.

"Baba, ai don in ɓatar da sawu ne."

"To ga ni. Ina gaisuwar tawa?"

Washegari, na ji an ce, doya goma ta isa zauren Alhaji, kuma ba ta dawo ba.

Da aka kira sunana na shiga karɓar takardata. Madam tana zura zare a allura, tabarau a kan hanci. Na ce mata, "Mama, ashe haka aka yi? Alhaji ya faɗi komai yanzu a waje."

Ta yi ɗinki uku. Ta juya takardar, ta ƙulla biyu, ta ciji zaren.

"Wane Alhaji?" ta ce. "Duba sunanka ko na buga daidai."